Gidan Mama Ozella

McLeansville,
Yuni, 2024

Zuwa ga aminina Elnathan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke lafiya a nan. Yaya Jimmai da yara? Yaya kunnen? Jimmai ta gaya wa matata Larai cewa likita ya ce ƙarar nakiyar da kuke fasa dutse da ita ce ta taru ta yi maka wannan ɓarnar. Allah ya sawwaƙe. Shi ya sa na daina kiranka a waya. Ranar nan ina ta ihu kana ta "Eh? Me ka ce?" har autata Malika ta fito daga ɗaki tana tambayar uwarta ko faɗa muke yi. Daga yau da hannuna zan riƙa rubuto maka, in ɗauki hoton takardar in turo. Ka yi dariyar rubutuna yadda ka saba tun muna firamare, ba komai.

Na gode da zuwan da kake yi wajen Inna. Ta ce ka kai mata dankali da kabeji, ta kuma ce ka fi ni zumunci. Ba ta yi ƙarya ba. Ka dai san halin da nake ciki. Kes ɗina na neman mafaka yana nan a kotu, an sake ɗaga shi. Idan na taka ƙafata waje da ƙasar nan, ba dawowa, ga Larai ga yara a ciki. Kusan shekara goma ke nan rabon da in ga Inna ido da ido.

Ka tambayi aiki. Har yanzu hoton nan ne. Dillalan gidaje ke kirana in ɗauki hoton gidajen da za a sayar. Akwai wata unguwa, Irving Park, inda ɗakin ajiye takalma ya fi ɗakin da aka haife mu girma. In cire takalmi a ƙofa, in kunna duk fitilun gidan, in ɗauka, in fita. Ba na jin komai a raina.

Amma akwai wani hoton da nake yi don kaina, shi nake so in ba ka labari. Arewa da mu, tafiyar awa uku a mota, akwai tsaunuka inda aka yi haƙar kwal a da. Elnathan, ranar da na fara shiga ɗaya daga cikin garuruwan nan sai da na tsayar da mota na fito na tsaya. Barikin kuza na Bukuru ne sak, sai dai nasu na katako ne. Kamfani ya gina gidaje iri ɗaya a jere, na manaja can a kan tudu, na lebura a kwari kusa da layin dogo, kamar yadda babanka da babana suka zauna ƙofa da ƙofa. Da kwal ya daina ciniki kamfani ya tattara ya tafi, mutane suka bi shi. Yanzu itatuwa sun tsiro ta cikin falo, rufin baranda ya durƙusa, labule na nan rataye a tagar da ba gilashi. Duk Asabar ɗin da na samu, can nake.

Wani mai fenti da muke yawan haɗuwa a gidajen sayarwa, Curtis, baƙar fata ne, ya ga hotunan a wayata. Ya ce a irin gidan nan aka haife shi, kuma mahaifiyarsa na can har yanzu a wani gari, Sorrel Fork, ta ƙi tashi. Ya ce aiki ba ya barinsa zuwa sosai, in na bi ta wajen in duba masa ita, in ɗauko masa hoto.

Na je. Hanyar ta yi ta nannaɗewa har sabis ɗin waya ya ɗauke. A layinsu gida ɗaya ne kawai ke fitar da hayaƙi. Na same ta a baranda tana ɓare wake, 'yar tsohuwa siririya, ta haura tamanin. Sunanta Ozella. Kafin in gama gaisuwa ta ce, "Curtis ne ya aiko ka leƙen asiri?" Na rantse mata hoto kawai nake ɗauka. Ta ce to in zauna in ci abinci tukuna. Da ta ji ba na cin naman alade, ta mayar da tukunyarta gefe ta soya mini ƙwai, tana ta mita wai wane irin addini ne wannan. Na daɗe ban ji daɗin zama da mutum kamar ranar ba.

Ka gaishe da Jimmai da yara. In ka je wajen Inna ka ce mata ina nan ina ta addu'a.

Naka har kullum,
Dabo

McLeansville,
Nuwamba, 2024

Aminina Elnathan,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kai da iyali kuna lafiya. Amsarka ta iso, na karanta ta har sau nawa. Ka ce in bar yawon kangaye in nemi abin da zai kawo riba. Haka Larai ma ke cewa, kun haɗa baki ke nan.

Tun wancan zuwan na koma Sorrel Fork sau da dama. Mama Ozella nake ce mata yanzu. Ita ke riƙe sandarta ta zagaya da ni gidajen, tana gaya mini wanda ya zauna a kowanne. Wannan na mai wa'azinsu ne, wancan na matar da ta haifi tagwaye sau biyu, na ƙarshen layi kuma mai shi dutse ya rufta masa a rami, aka ba iyalinsa mako guda su kwashe kayansu. Na ce mata haka kamfanin kuza ya yi wa gidan su Audu Makeri a barikinmu. Ta ce, "Ashe kamfani duk uwarsu ɗaya."

Mijinta, Walter, ƙurar kwal ce ta cinye masa huhu. Kabarinsa na kan tudun bayan gidan. Kullum da safe sai ta hau, ta share ganyen da ya zuba, ta ba shi labarin abin da ke faruwa. Ta ce da yana da rai ba ya barinta ta gama magana, yanzu kuwa ba shi da zaɓi.

A zuwan da na yi na ƙarshe ta bar ni na ɗauki cikin gidan. Hasken yamma na shigowa ta taga yana sauka kan bokitan da ta jera a inda rufi ke yoyo. Ga murhun kwal dab da gadonta, ga matakalar baya da ta ruɓe ta ɗora mata katako. Elnathan, ban taɓa ɗaukar hotuna masu kyau irin waɗannan ba. Na wanke su manya-manya, na kai mata nata, na ba Curtis nasa. Ya daɗe yana kallonsu a bayan motarsa, sannan ya yi godiya.

Yanzu ga abin da ke damuna. Takardar izinin aikina ta ƙare, sabuwar da na nema tun tuni ba ta fito ba. A nan lasisin tuƙi a ɗaure yake da ita, don haka shi ma ya mutu. Lauyata ta ja mini kunne sosai. Ta ce kada in kuskura in tuƙa mota, kada in yi abin da zai haɗa ni da ɗan sanda ko da a kan fitilar bayan mota ne, musamman a ƙauyukan nan na nesa inda ba wanda ya san ni. Ta ce yanayi ya canza, mai irin kes ɗina yana iya fita sayen burodi ya kwana a tsare. Ta Larai ta fito tun bara, ita tana nan tana aikinta a gidan kula da tsofaffi, ita ce direban gidan yanzu.

Kai da ka saba da Bukuru ba za ka gane abin da rashin mota ke nufi a nan ba. McLeansville ba acaba, ba Keke, ba bas. Gidaje ne jefi-jefi a tsakanin gonaki. Ko masallacin Juma'a sai Younoussa, wani ɗan Nijar maƙwabcinmu, ya biyo ya ɗauke ni. Na kira Mama Ozella a wayarta ta gida na ce ba za ta gan ni ba na ɗan lokaci. Ta ce to, wake dai ba zai jira ni ba.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Dabo

McLeansville,
Fabrairu, 2025

Elnathan,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Ina fata kuna lafiya. Na ji Inna ta yi mura, na gode da kai ta asibiti da ka yi. Allah ya saka da alheri.

Ban rubuto ba ne don ba abin rubutawa. Larai ta fita da sassafe ta ajiye yara a makaranta, ni kuwa in wanke kwanuka, in zauna bakin taga. Ba abin gani sai gonar maƙwabci da dokinsa guda ɗaya. Har na san lokacin da yake zuwa bakin shinge. Kyamara na cikin jaka. Wani lokaci in ɗauki makullin tsohuwar motar nan tawa, in shiga in tayar da ita don kada batir ya mutu, in zauna a ciki tana aiki, sannan in kashe in koma ɗaki. Babbar 'yata Hanifa ta taɓa leƙowa ta gan ni, ta tambaye ni da Turancinsu ina za ni. Na ce ba ko'ina.

Sai ga wani abu ya faru. A watan jiya dusar ƙanƙara ta rufe tsaunuka. Mama Ozella ta fita ɗebo kwal, matakalar bayan nan ta karye da ita. Ta ja jiki ta shiga kicin, amma ta kasa tashi ta kai ga waya. A ƙasa ta wuni ta kwana, wuta ta mutu, sai da mai kawo wasiƙa ya ga ba hayaƙi ya leƙa. Ƙugunta ya tsage. Da aka sallame ta daga asibiti ta ce gida za ta koma. Curtis ya ce sam. Ta ce ba shi ya haife ta ba. Sai ya kai maganar kotu, ya nemi a ba shi ikon yanke mata shawara, a kan cewa ba za ta iya kula da kanta ba kuma gidan bai dace mutum ya zauna ba.

Ka san da me ya kafa hujja? Da hotunana. Bokitan, murhun, matakalar, duk ya jera wa alƙali. Ita tana zaune a keken marasa lafiya tana kallo. Alƙali ya ba shi abin da ya nema.

Curtis ya zo har gida ya gaya mini da bakinsa. Na yi niyyar in zazzage masa, amma da na ga idonsa na kasa. Ya ce, "Dabo, da na bar ta ta koma, wata rana gawarta za a kira ni in ɗauko. Gara ta tsane ni tana raye." Me zan ce masa? Ni da na bar tawa uwar a hannunka?

Da yake ya san Larai, sai ya nema mata gurbi a gidan tsofaffin da take aiki, don a samu na gida kusa da ita. Ranar Lahadi na bi Larai na je. Ɗaki ne mai tsabta, da ɗumi, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Ba ta buɗuwa sai ɗan kaɗan. A ƙofar fita daga sashen akwai lambobin da sai ma'aikata ne suka sani. Na yi sallama, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ranar farko na tambaye ka, ka rantse mini." Ta juya fuska bango. Na tsaya na tsaya, na fita.

Larai ta ce ba ta ba kowa wahala. Tana shan magani, tana yin atisayen ƙafa fiye da yadda aka ce ta yi. Abinci ne dai sai an yi da gaske.

Ka sa mu a addu'a, kai ma irin taku. Ka gaishe da Jimmai.

Dabo

McLeansville,
Afrilu, 2025

Aminina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata an yi Ista lafiya, mu ma mun yi sallah lafiya. Na ga hoton da ka turo na Inna da yaranka, ta rame amma dariyarta na nan.

Wannan gajeriya ce. Takardata ba ta fito ba. Lauya ta ce haƙuri.

Mama Ozella ta aiko Larai ta kira ni. Na same ta a tsaye da sandar nan mai ƙafa huɗu, ta yi kitso, ta sa janbaki. Ta ce ta yi tunani, ba laifina ba ne, hoto ba ya ƙarya, gidan na yoyo. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Sannan ta ce alfarma ɗaya take nema. An fitar da ita daga gidanta a kan gadon asibiti, ba ta yi sallama da Walter ba. Tana so a kai ta ta wuni ɗaya, ta share kabarin, ta ɗauko hotunan iyayenta, a dawo da ita. Curtis ba zai iya ba, ta ce, don in suka shiga mota ɗaya faɗa za su yi kafin su fita gari.

Na yi wa Curtis magana, ya amince, ya sa hannu cewa Larai za ta fita da ita ranar hutunta ta dawo da ita kafin abincin yamma. Larai ba ta so ba. Ta ce in wani abu ya faru aikinta ne zai shiga haɗari, kuma shi kaɗai muke ci yanzu. Ta kuma tuna mini maganar lauya. Na ce ai ba ni zan tuƙa ba, zama kawai zan yi a gefe. Gaskiyar magana, Elnathan, ba don tsohuwar kaɗai na matsa ba. Ina so in ga tsaunukan nan. Ina so in ga hanya tana tafiya a gabana.

Asabar ta sama za mu je, in Allah ya yarda. Zan ba ka labari.

Naka,
Dabo

McLeansville,
Mayu, 2025

Zuwa ga aminina Elnathan,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Jimmai da yara da Inna. Mun je mun dawo. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga kafin in iya rubuta maka wannan.

Mun bar yara a gidan Younoussa muka kama hanya da safe. Mama Ozella na baya da wata babbar jakar hannu a cinyarta, ta ƙi yarda a sa ta a but ɗin mota. Tun da muka fara hawan tsauni ta sauke gilashi, iska na kaɗa mata gashi, tana kiran sunan kowane rafi. Ni ma ban san lokacin da na fara waƙa ba. Larai ta ce mu biyun kamar waɗanda aka sako daga kurkuku.

Gidan na nan a tsaye, amma an shiga. Ɓarayi sun farfasa bango sun zare wayoyin wuta, sun kwance famfo. Ruwa ya cika bokitan ya malala, ƙasan kicin ya kumbura. Ta bi ɗaki-ɗaki tana dubawa. Daga nan muka riƙe ta, ni a dama Larai a hagu, muka hau tudun a hankali. Ta sa muka koma gefe. Ta share ganye da sandarta, ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa. Har dariya na ji ta yi.

Da muka sauko Larai ta shimfiɗa abincin da ta kawo a baranda, muka ci. Na yi azahar a tsakar gida. Da rana ta fara karkata Larai ta dubi agogo ta ce, "Mama, lokaci ya yi."

Sai tsohuwa ta tashi ta shiga ɗaki, ta zauna a kujerarta kusa da murhu, ta buɗe jakar nan. Magungunanta ne a ciki, da rigar sanyi, da ashana, da biskit da 'yan gwangwanayen abinci da ta yi ta ɓoyewa daga tiren da ake kai mata. Ta jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Na gode muku. Ku gaida Curtis. Ni na iso."

Elnathan, ashe duk atisayen nan da kitson da janbakin, shirin wannan ranar ne.

Larai ta durƙusa a gabanta ta roƙe ta. Ta ce babu wuta, babu ruwa, dare zai yi sanyi. Tsohuwa ta ce an haife ta babu wuta babu famfo. Larai ta ce za a kore ta daga aiki. Ta ce, "Ki ce na fi ƙarfinki. Kowa a gidan nan ya san halina." Na ce to bari in ɗauke ta cak in sa a mota. Ta riƙe hannun kujera ta ce in na taɓa ta za ta yi ihun da za a ji a ƙasan kwari, kuma ƙugunta ba zai jure kokawa ba. Gaskiya ta faɗa.

Larai ta ja ni waje. Ta ce doka a wajen aikinsu ita ce in mazaunin gida ya ƙi dawowa, a kira su nan take, su kuma 'yan sandan yankin za su turo. Ba za mu iya tafiya mu bar ta ba, in ta mutu a daren mu ne da laifi. Ba za mu iya kwana ba, in yamma ta yi ba a gan ta ba za a ce an sace ta. Ko ta ina aka bi, ɗan sanda zai zo, zai tambayi sunan kowa, zai ce in nuna takarda. Larai ta ce in shiga daji in ɓuya har su tafi. Na dubi dajin. Na ce in suka gan ni a ɓoye fa, baƙo a bayan gidan da aka yi wa sata?

Na tsaya a barandar nan ina kallon layin kangaye, tsauni ta gaba, tsauni ta baya, hanya ɗaya tak mai fita. Wurin da na yi wata da watanni ina mafarkin zuwa. Ban taɓa jin ƙunci irin na lokacin ba.

Na koma ciki na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ban taɓa gaya mata zancen takarduna ba, kunya nake ji. Ranar na gaya mata duka. Na gaya mata abin da ya fitar da ni daga Jos, da kotun da ke ta ɗaga kes ɗina, da dalilin da ya sa ta daina ganina tun kaka. Na ce, "Mama, ba zan ce miki can ya fi nan ba, na ga tagar ɗakinki. Kina da gaskiya. Amma in kika zauna, 'yan sanda za su zo, kuma wataƙila ba zan kwana a gida ba yau, wataƙila ba zan sake kwana ba. Hanifa da Malika na gidan maƙwabci suna jiranmu."

Ta ce, "Ƙarya kake yi don in tashi."

Na ciro lasisin daga aljihu na miƙa mata. Ta sa tabarau ta duba ranar da ya mutu. Ta juya shi, ta sake juyawa.

Ta ce, "Uwarka na da rai?"

Na ce tana da rai.

"Yaushe rabonka da ita?"

Na gaya mata.

Ta zauna kamar ta manta da ni. Tana kallon murhu, tana shafa hannun kujerar inda ya goge ya yi santsi. Ina jin Larai a baranda tana ta salati. Can sai ta fara mayar da kayan cikin jaka, magani, ashana, gwangwani, a hankali kamar yadda ta fito da su. Ta ce, "Da ka gaya mini tun farko da na nemi wani wawan ya kawo ni." Ta miƙo mini hannu na tashe ta.

A bakin ƙofa ta tsaya ta ce in ja ƙofar da kyau, tana sagewa in an yi ruwa. Na ja har sai da ta shiga. Ba ta waiwaya ba. A mota ta ɗaga gilashi, tana kallon gabanta har Greensboro, inda gidan tsofaffin yake. Mun iso ana raba abincin yamma. Wata ma'aikaciya ta danna lambobin ƙofa, ta tambaye ta da fara'a ko ta ji daɗin yawo. Ta ce ta ji. Ina tsaye ƙofar ta rufe a tsakaninmu.

Ba mu gaya wa Curtis ba, ba mu gaya wa kowa ba sai kai. Larai ta ce washegari Mama Ozella ba ta tashi yin atisaye ba, kuma ba ta sake yi ba har yau. Ta ce ba inda za ta, me za ta yi da ƙafa.

Ina zuwa wajenta duk ranar da Larai ke aikin safe, in bi ta mu tafi tare, tunda ni ma ba inda za ni. Ba ma yawan magana. Ta sa an juya mata kujera tana kallon taga, ni ma in jawo tawa. Jiya wata jar mota ta fita daga wurin ajiye motoci, muka bi ta da ido har ta sha kwana. Ta ce, "Wannan arewa ya nufa." Na ce haka ne. Ta ce in matso da kujerata, ina tare mata haske.

Ka gaishe mini da Jimmai da yara. Ka je wajen Inna ka zauna da ita ka daɗe, ko ba ka jin abin da take faɗa. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Dabo